Allunan Haliru da Na Yi Silin da Su

Daminar bana ta cika shekara goma sha bakwai da rasuwar ƙanena Haliru, wanda mutanen Kalgo suka fi sani da Haliru Mai Fenti. Da ana ba mutum yini ɗaya daga cikin rayuwarsa a ce ya sake shi, na san wanda zan ɗauka. Wata Laraba ce, kwana tara bayan mun kai shi makwancinsa, ranar da na sa zarto na yanka zane-zanensa, na kifa su sama na yi silin da su. Daga baya 'yarsa Saratu ta tambaye ni inda allunan babanta suke, na ce gara ta cinye. Na riƙe ƙaryar nan har yarinyar ta girma a hannuna. Sai bana Allah ya tona ni, ruwan sama kuwa ya aiko ya yi aikin.

Ni kafinta ne a Gwandu. Na girmi Haliru da shekara bakwai, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na fara damƙa masa buroshi, don ya riƙa shafa fenti a ƙofofi da tagogin da nake haɗawa. Kafin in ankara ya wuce shafar ƙofa ya koma rubutu. Ya tashi ya tafi Kalgo saboda mahaɗar hanya, inda motocin albasa da na shinkafa ke tsayawa direbobi su ci abinci, ya kama ɗan shago a bakin titi. Shi ke rubuta wa teloli da masu shayi da masu kemis allon shago, shi ke yi wa manyan motoci kirari a goshi da ƙeya. Rubutunsa kamar an ja da zare. Idan mota ta ratso Gwandu na ga hannunsa a jikinta, sai in taɓa na kusa da ni in ce, ƙanena ne ya yi wancan. Wannan aikin nasa na gane shi, na kuma yi tinƙaho da shi.

Ɗaya aikin ne ya fi ƙarfina. Duk fentin da ya rage a gindin gwangwani ba ya zubarwa. Yakan tara, ya samo allunan katako marasa kauri irin waɗanda muke silin da su, ya jingine a bayan ƙofa yana jira. Abin da yake jira kuwa shi ne ruwa ya sauka da rana, ya ɗauke bayan la'asar. Da zarar ya ɗauke, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, sai ka ga Haliru ya sunkuci allo ya fita da sauri kamar wanda aka ce akuyarsa ta shiga gonar wani. Ya jingina allon a jikin duro a bakin mahaɗa, ya kama aiki da buroshi da tsumma da babban yatsa, wani lokaci har da gashin kaza. Ba ya jan layi, ba ya awo. Ɗigo nan, shafa can, ja kusa da kore, rawaya a kan shuɗi. Ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau. In an matsa masa sai ya ce, “Ku yi haƙuri, hasken ga ba ya jiran kowa.” Kafin a kira magariba ya gama.

Mu kafintoci da hanci muke duba aiki. Ka matsa har numfashinka ya taɓa katako, ka runtse ido ɗaya, ka bi haɗin da babban yatsa ka ji ko akwai inda ya ɗaga. Haka maigidana ya koya mani, haka nake duba komai a duniya. Ranar da Haliru ya fara nuna mani allonsa ma haka na yi. Na sunkuya na kafa hanci, na shafa, na ji fenti tudu-tudu ba a ko bi shi da samfefa ba.

Na ce, “Haliru, wanga kuma mi ne ne?”

Ya ce, “Kalgo ce, Yaya.”

“Wace Kalgon? Ni dai na ga kaji sun taka fenti sun bi ta kan allo.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Ja da baya, Yaya. Taku goma kawai, ka juyo.”

Na ce, “Aikin da sai an guje shi kafin ya yi kyau ai ba aiki ba ne. Kujerata matso ka duba.”

Ya faɗa mani maganar nan ta ja da baya ya fi a ƙirga. Ban taɓa ja ba ko sau ɗaya. A ganina babba ba ya ja da baya don ƙanensa ya ce. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa na ɗauki karin maganar nan na yi matashin kai da ita. Ban taɓa zaton mutum zai iya matsawa kusa da abu har abin ya ɓace masa ba. Akwai ranar da na shigo masa ta wata ƙofar, na ce ya ji tsoron Allah da zanen mutane. Ya ce in nuna masa ido ɗaya ko hanci ɗaya a allon. Na duba ban samu ba. Ya ce shi hasken da ke sauka a kan rigunansu yake bi. Wannan magana ta malamai ce, ban isa in yanke ta ba, kuma a lokacin ma ba don Allah na tayar da ita ba, don in ci gardama ne.

Mutum ɗaya ne a Kalgo yake tsayawa inda Haliru ya ce a tsaya. Shi ne Malam Ayuba, malamin firamare, Kirista, mutumin ƙasar Zuru, wanda ke haya a bayan shagon. Shi ya ba Haliru wata tsohuwar kalanda mai ɗauke da zane-zanen wasu Turawan Faransa na zamanin da. Na gan ta manne a bangon shago: tashar jirgin ƙasa cike da hayaƙi, titin da ruwa ya jiƙe mutane na tafe da laima, wani dandali da jama'a suka zama ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Haliru ya ce mani ranar da ya fara ganinta tuwo ya ƙi ciwuwa. Ashe akwai waɗanda suka riga shi ganin abin da yake gani, a wani birni da bai san ta inda ake zuwa ba. Ya ce, “In su sun yi wa garinsu, mi zai hana in yi wa Kalgo?” Na ce masa garinsu birni ne, Kalgo kuwa in ka yi atishawa a mota ka wuce ta.

Zazzaɓi ne ya kama shi a tsakiyar damina. Muka ɗauko shi zuwa Gwandu, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa A'i da Saratu tana 'yar shekara huɗu. Bayan sadakar bakwai na je kwashe kayan shago. Allunan na nan a bayan ƙofa, sun fi ashirin, a jere kamar masu jiran sallama. A lokacin ina gina ɗakin 'yan mata a gidana, an yi rufin kwano saura silin, an kuma riga an yanke cewa Saratu wurina za ta zauna idan uwarta ta fita takaba.

Malam Ayuba ya shigo ya yi mani gaisuwa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, “Malam Bello, marigayi ya sha gaya mani allunan nan na Saratu ne. In babu wurin ajiya, ka bar su a ɗakina har ta girma.”

Na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, na ji katako ne lafiyayye, ko tsaga babu. Na ce, “To ai shi ke nan, Malam. Saratu zan yi wa ɗaki da su.”

Ya dube ni. Shi baƙo ne, ni kuwa yayan mamaci, ba shi da ta cewa. Shi ya taya ni ɗora su a mota, yana ɗauka ɗai-ɗai da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai.

Washegari na auna, na ja layi, na yanka. Wanda ya yi tsawo na rage, guntayen na tara wa mata a bakin murhu. Na juya fuskar fentin sama tana kallon kwano, na buga ƙusa, na shafe ƙasan da farin fenti. Ɗaki ya yi kyau, maƙwabta suka yaba. Har ga Allah a ranar ji nake na yi abin kirki, na mai da shirme abin amfani, na yi wa marainiya inuwa da kayan ubanta.

Tana shekara goma ta je hutu wurin uwarta, wadda ta yi aure a Diggi. Da ta dawo ta same ni a ƙofar ɗakin nan ina gyaran marfi, ta durƙusa ta ce, “Baffa, Inna ta ce babana yana zana gari a allo. Ina allunan?” Suna bisa kanmu, in na miƙa guduma zan taɓa su. Na dubi idonta na ga yadda take jira. Na ce gara ta cinye. Ta ce, “Duka?” Na ce duka. Ta tashi ta tafi ɗiban ruwa. Ba ta sake tambaya ba.

Yanzu idan na je Kalgo nakan sauka a mahaɗa in tsaya, ina tunanin abin da Haliru zai ce da ya ga yau. Garin da na ce ana wuce shi da atishawa ya miƙe ƙafa ta ko'ina tun da jami'a ta zo. Gidajen haya sun hau gonakin da muka sani. Kekuna masu ƙafa uku rawaya-rawaya suna zirga-zirga kamar ƙudan zuma, ɗalibai na tsallaka titi garke-garke, hijabai da mayafai da riguna launin da ko a gwangwanin fenti ban taɓa gani ba. Fitilun titi masu cin hasken rana sukan kunna kansu tun rana ba ta gama faɗuwa ba, sai haske biyu su haɗu a kan kwalta, ja daga yamma, fari daga sama, kowace fuska kuma da ɗan hasken wayarta. Sana'arsa ta rubutu inji ya karɓe. Yanzu a leda ake bugo allon shago, da hoton mai shagon yana murmushi, kowane haƙori a fili. Ina jin wannan zai dame shi kwana biyu, sannan ya manta, domin birnin da ya yi ta hangowa a ɗan ƙauyen mahaɗar nan ya iso. Da fentin gindin gwangwani ba zai ishe shi ba. Wani lokaci har nakan ga kamar ga shi can a jikin duro, rigarsa duk dabbare-dabbare, yana ce wa masu gaishe shi su yi haƙuri.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni ban sani ba sai bana. 'Yan matan sun watse, nawa sun yi aure, Saratu tana karatu a Kalgo, ɗakin ya zama ma'ajiyar buhuna. Bayan wani ruwa mai ƙarfi uwargida ta ce mani silin ya yi ciki a kusurwa ɗaya. Na hau benci na zare ƙusoshi, na sauke allon, na fitar da shi tsakar gida na jingina da katanga don ya sha iska. Na goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Sawun kajin nan ne dai da na sani. Na bar shi na tafi can ɗaya ɓangaren wurin randa in yi alwalar la'asar. Na cika buta, na juyo.

Sai ga Kalgo.

Kalgon shekarun baya ce, ruwa ya ɗauke yanzun nan. Titi ya jiƙe ya ɗauki sama ya rungume, gajimare na kwance a kan kwalta. Ga motar albasa a tsaye, buhunan sun yi ja-ja da shunayya, inuwarta na rawa a cikin ruwan da ya kwanta. Ga hayaƙin mai tsire, shuɗi, yana hawa a hankali ya narke a jikin hasumiyar masallaci. Wani ɗan kabu-kabu ya gifta, bai bar komai ba sai jan zare. Mutane na fitowa daga inda suka fake, babu mai ido babu mai hanci, amma na san tafiyar kowa, na san wanda ke sauri da wanda ya tsaya ciniki. A tsakiya wata mace da rawayan mayafi tana tsallaka titi, ta ɗan ɗage zani don kada ya jiƙe. Wallahi na ji ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka. Na matsa kusa, garin ya watse ya koma tabo-tabo. Na koma baya, ya dawo. Na yi ta yi, gaba da baya, buta a hannu ruwa na zuba a ƙafata, har uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, “Malam, lafiya?” Na ƙirga takun daga katanga zuwa randa. Goma ne cif.

Kwana uku ina kokawa da zuciyata. Ƙusa huɗu da ɗan farin fenti sun isa su mayar da allon inda yake, babu mai ji babu mai gani, in mutu Saratu na ɗaukata uba nagari. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga mani murya ba, duk abin da ta samu sai ta kawo mani na sa albarka, ina tsoron ranar da za ta dube ni da wani ido. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk sanda na wuce ta tsakar gida sai in ga matar nan mai rawayan mayafi tana tsallaka titi, ba ta ƙarasa ba. A rana ta huɗu na aika wa Saratu ta zo.

Na tsayar da ita a bakin randa na ce ta dubi katanga. Ta daɗe tana kallo, ba ta ko ƙifta ido.

“Baffa, ina ka samo wannan?”

“A saman ɗakinku.”

Na faɗa mata komai, da maganar Malam Ayuba, da zarto, da murhu, da gara da ba ta ci komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗakin ta tsaya cikin buhuna, ta ɗaga kai tana kallon ramin da allon ya bari. Ta ce, “Shekara goma sha huɗu ina kwana nan.” Can ta ce, “Baffa, da ka ce mani suna sama, ko ban gan su ba, ai da na riƙa kallon silin.”

Na sha maganganu a rayuwata, daga masu ba da aiki da surukai da abokan gaba. Babu wadda ta taɓa durƙusar da ni kamar wannan.

Ranar ba ta ci abin kirki ba. Da safe ta zo ta gaishe ni kamar kullum, ta ce mu sauke sauran. Muka sauke. Bazara goma sha bakwai a ƙarƙashin kwano ta gasa su, fentin ya ɓaɓɓare kamar ɓawon kifi, wasu ɓera ya yi gida, wasu zanzaro ya yi gini a kai. Uku ne suka tsira. Muka naɗe su da bargo muka kai Kalgo wurin Malam Ayuba, wanda ya yi ritaya amma bai bar garin ba, kansa ya yi fari fat. Muka jingina allon farko a bango. Ba wanda ya ce masa komai, ya dogara sandarsa ya tafi can ƙarshen tsakar gida, ya juyo.

Ya ce, “Saratu, mai rawayan mayafin nan mahaifiyarki ce. Kin ga ɗan farin ɗigon da ke bayanta? Ke ce a goye. Ina nan tsaye ya yi shi.” Sai ya kai sanda wajen gefen dama, ya tsaya. “A nan kuma akwai shagon, da shi kansa a bakin ƙofa. Sau ɗaya ke nan ya taɓa sa kansa a allo. Ya ce shi ma ai ɗan gari ne.”

Muka dubi gefen dama. Babu shago. Layin zartona ne a wurin, miƙe sak, ko karkata babu. Ban taɓa jin kunyar aikina mai kyau ba sai ranar. Guntun da Haliru ke tsaye a ciki, da hannuna na kai shi bakin murhu aka dafa tuwo.

A hanyarmu ta zuwa tasha Saratu ta nuna mani a wayarta irin zanen da ke cikin kalandar nan. Ta faɗi sunan salon da Turanci, bai zauna mani ba. Ta ce su ma mutanen nan a waje suke aiki da sauri kafin haske ya gushe, su ma manyan zamaninsu sun yi masu dariya sun ce ba su gama aikin ba. “Ka ga ba kai ka fara ba, Baffa,” in ji ta. Na gane lallashi ne. Da mota ta cika zan shiga, ta riƙe mani ƙofa ta ce a hankali, “Ni na yafe. Amma babana, sai kun haɗu.”

To mene ne ya rage na Haliru? Motocin da ya yi wa kirari an daɗe da yanka su an sayar da ƙarfen. Allunan shagunan da nake tinƙaho da su babu ko ɗaya a Kalgo, na zaga na duba. Abin da na kira aiki ya tafi, abin da na kira sawun kaji shi ya rage, allo uku a ɗakin wata ɗaliba, ɗaya da guntulallen gefe. Akwai kuma Saratu, wadda tun tana ƙarama idan ruwa ya ɗauke takan bar abin da take yi ta tsaya a ƙofar gida tana kallon hanya, ina yi mata faɗa ban san gado ba ne. Ni ma ya bar mani wani abu, ko da yake na karɓa a makare. Yanzu idan hadari ya wuce rana ta leƙo a kan Gwandu, nakan ajiye guduma in fita, in ga yadda inuwar katanga take zama shuɗiya, abin da na shekara sittin da wani abu ina rantsuwa baƙa ce. Allah ya jiƙan Haliru, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba ya gushewa, shi da ya ƙare rayuwarsa yana bin mai gushewa.

Roƙona ga mai karatu kaɗan ne. Idan naku ya rasu ya bar abin da ba ku gane ba, kada ku auna shi da tef ɗinku na awo. Ku naɗe shi ku ajiye wa 'ya'yansa, wataƙila su da idon aka haife su. In kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa wa maraya gaskiya tun yana ƙarami, kada ku ɗora wa gara. In kuwa naku yana raye, ya kawo maku abin da ya yi da hannunsa ya ce ku ja da baya, don Allah ku ja. Taku goma ne. Ni sai da na yi furfura kafin in yi su, kuma da na juyo, wanda zan ce wa na gani ba ya nan.